Wa Ka Ƙidaya Muna Raƙuman Dawa?

Wata Alhamis da dare, a fadarmu ta bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, muna jiran shayi na biyu, wani abokinmu ya miƙo mini salularsa. Hoton wasu manyan birai ne baƙaƙe, uwa da jinjiri a bayanta, suna wucewa gaban wata na'urar ɗaukar hoto da anka ɗaure jikin icce cikin wani daji na Najeriya. Ya ce: "Dubi aikin banza don Allah. Ana kashe mutane Abala da Banibangu, hatsi ya yi tsada, mu ko bursi shiru, su ko Anasara suna can suna ƙidayar birai. Kai ɗan Kurfai, hwaɗa mini, biri nawa ka cika tiya?"

Anka yi dariya, ni ma na yi. Amma na kwana da maganar, don na san ba shi kaɗai ke da wanga ra'ayi ba. Cikinmu goma, takwas haka suke gani: ƙidayar namun daji wasan masu ƙoshi ne. Ni kuma na ce wanga ra'ayi lalaci ne da ya sa rigar kishin talaka. Zan faɗi dalilina, kuma ba zan bar masu ƙidayar su tafi salin-alin ba, don su ma akwai nasu laifi.

Bari mu fara da biran da anka yi wa dariya, don yawancin masu dariyar ba su san abin da suke wa dariya ba. Hoton nan daga duwatsun Mbe ya fito, cikin jihar Kuros Riba, kuma a watan Yuli na 2020 anka fitar da shi. Irin gwaggon birin da ke ciki, wato gorilar Kuros Riba, kusan 300 kaɗai sunka rage a duniya, warwatse bisa duwatsun iyakar Najeriya da Kamaru. Tsananin gudun mutum da suke yi ya sa mai bincike sai ya shekara cikin dajin bai sa su a ido ba. To, ƙaƙa ake ƙidaya abin da ba a gani?

Makwancinsu ake ƙidayawa. Kowane babban biri, in rana ta faɗi, yakan tanƙwara rassa da ganye ya yi wa kansa shimfiɗa, gobe kuma ya yi sabuwa a wani wuri. Masu ƙidaya sai su ja layi miƙaƙƙe cikin daji, su bi shi da ƙafa, hawa da gangara, duk makwancin da sunka hango su rubuta shi, su auna nisansa da layin, su duba sabo ne ko ya fara ruɓewa. In ka san yawan makwantan da ke cikin faɗin da ka bi, ka san kwana nawa makwanci ke yi kafin ya lalace, ka kuma san kowane babba yana yin kusan ɗaya kowane dare, abin da ya rage lissafi ne na rabawa. Kashin da ke kusa, da gashin da ya maƙale, da ko makwancin a ƙasa yake ko can ƙololuwar icce, su ke taimakawa a rarrabe na gorila da na ɗan'uwansa cimfanzi.

Yanzu ga tambayar da ta dame ni: wa ke hango makwancin? Cikin duhun dajin da ko rana ba ta ratsawa sosai, idon wa ke rarrabe tarin ganyen banza da shimfiɗar biri? Idon ɗan ƙauye ne, sau da yawa tsohon maharbi. Dajin Mbe ba na gwamnati ba ne. Garuruwa tara ne ke da shi, su sunka haɗu sunka keɓe shi, kuma daga cikin ɗiyansu ake ɗaukar masu gadinsa, da tallafin ƙungiyar WCS. Jinjirin da abokina ya yi wa dariya shaida ce cewa biran suna haihuwa, wato gadin ƴan gari ya yi aiki. Ba Anasara ke kwana cikin dajin nan ba.

Ni ɗalibin nazarin harshe ne, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan tsaya kan suna. A Gashaka Gumti, gandun daji mafi girma a Najeriya, tsakanin Taraba da Adamawa, masu jin Hausa na wurin suna kiran cimfanzi "biri mai ganga". Me ya sa? Saboda yana dukan faffaɗan saiwoyin manyan itatuwa da hannu da ƙafa, ƙarar ta tafi nesa cikin daji kamar kiɗa. Wanda ya raɗa wanga suna bai shiga lakwal ba, amma ya saurara, ya lura, ya gane wa ke kiɗan. Sunan kansa rahoton bincike ne cikin kalma uku. Ita ma kalmar da Turawa ke kiran dabbar da ita aro ce daga wani harshen Bantu na gaɓar Kwango. Sanin daji a bakinmu ya fara. Yaushe ya zama kayan baƙi har muke masa dariya?

Za ku ce to, mu ina ruwanmu, ba mu da gorila ba mu da dajin da rana ba ta ratsawa. Gaskiya ne. Amma muna da abin da duk duniya babu mai shi sai mu. Raƙumin dawan Afirka ta Yamma, mai farin jiki da zane ja-ja, a da yana yawo tun daga Senegal har tafkin Chadi. Sunan da masana sunka ba shi, peralta, a 1898 anka raɗa shi, kan wani da anka harbe kusa da Lokoja. Yau je ka Lokoja ka nemi raƙumin dawa. Ya ƙare a Najeriya, ya ƙare a Mali, ya ƙare a Senegal. Ragowarsa duka a Nijar take, wajen Kure, kilomita kusan 60 daga Yamai kan hanyar Doso, da cikin Dallol Boso. Kuma Dallol Boso ba baƙonmu ba ne: shi ne kwarin da ya sauko daga Azawak, ya ratsa Filinge da Bonkuku da Baleyara, ya gangara ya faɗa kogin Isa. Gonakinmu cikinsa suke. Masu ƙidaya suna iske raƙuman har wajen Simiri da Dingazi da Fandu, kuma Fandu cikin Tondikandiya take, nan ƙofar gidanmu.

A 1996 guda 49 sunka rage. Ku sake karanta adadin nan. Ajin lakwal guda a Filinge ya fi su yawa. Fari ya ci wasu, maharba sun ci wasu, kuma cikin shekarar nan ce hukumar lokacin ta aika sojoji kamun raƙuman dawa don a yi kyautarsu ga shugabannin ƙasashe maƙwabta, da dama sunka mutu wajen kamun. Da a ce babu wanda ke ƙidaya, wa zai san an kai bakin rami? Kowa zai ce ai suna nan, na ga guda uku jiya bakin hanya. Haka ake cewa har ranar da za a wayi gari babu ko ɗaya. Adadin 49 shi ya tada hankali, shi ya sa anka tsaurara hani. Bayan shekara ashirin da ƴan kai sun haura 600. Dabbar da ke ɗaukar ciki wata goma sha biyar ta haifi ɗa guda, ta tashi daga 49 zuwa sama da 600 a tsakiyar gonakin mutane, ba shinge ba katanga. A Nuwamba 2018 har anka ɗebi takwas anka kai su gandun Gadabeji, cikin jihar Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 800, inda sunka yi kusan shekara hamsin da ɓacewa, don kada annoba guda ko bala'i guda ya share su gaba ɗaya a wuri guda. In wani abu ya yi kyau a ƙasar nan ba ma son faɗi. To wanga ya yi kyau.

Ƙidayar tasu ta fi ta birai sauƙi, don su ba su ɓuya. Zanen jikin kowane raƙumin dawa daban yake da na ɗan'uwansa, kamar zanen yatsa. Da damina, lokacin da suke taruwa bisa tudu cikin dajin geza da sabara, ana ɗaukar hoton kowane ta dama da ta hagu, a gwada da kundin bara, a san wa ke nan, wa ya ɓace, wace ta haihu. Nan ma dai tambayar ita ce: wa ke kai mai hoto wurin da garken yake? Ɗan jagora ne daga ƙauyukan wurin, da makiyayin da ya gan su da asuba, da matar da ta je itace.

Yanzu bari in juyo kan masu ƙidaya, don abokina yana da ƴar gaskiyarsa, ko da bai san inda take ba.

Ina da kawu da ke noma wajen Tondikandiya. Kun san yadda ake ɗaure harawa a aza ta bisa icce don kada awaki su kai gare ta. Dabarar kaka da kakanni ce, tana aiki kan kowace dabba in ban da guda. Wata kaka raƙuman dawa sunka bi dare sunka ci waken da ke gona, sunka ɗaga wuya sunka sauke harawar da ke bisa icce. Waken nan shi ne kuɗin littafan yara, harawar ita ce kiwon ragon da za a sayar da salla. Da na je hutu ya ce mini: "Ɗana, kowace shekara ana zuwa da mota a ɗauki hoton raƙuman ga. Ni da nike ciyar da su, ba a taɓa ɗaukar hoton gonata ba. In na taɓa guda kaso za ni. In sun cinye ni, Allah ya ba da haƙuri."

Wane masani ne zai amsa wanga magana? Ban ce ba a yi komi ba. Ƙungiyar ASGN, mai kula da raƙuman dawan Nijar, ta haƙa rijiyoyi ta ba da rance a ƙauyukan yankin, kuma wanga ya taimaka ƙwarai wajen sanyaya zukata. Amma raƙuma sun ƙaru, sun bazu zuwa inda furoje bai kai ba, dajin tudu kuma yana ƙarewa, don motocin itace ba su daina kai shi murhun Yamai ba, gonaki kuma suna ta cin gefensa. In geza ta ƙare bisa tudu, ina raƙumi za shi in ba gonar wake da lambun mangwaro ba? Ƙidayar da ta san zanen wuyan kowace raƙuma amma ba ta san tiya nawa manomi ya rasa ba, rabin ƙidaya ce. Kuma rabin da anka bari shi ne mai riƙe da gatari.

Na biyu, ina sakamakon ke zuwa? Bara na so in ga rahoton ƙidaya don wani aikin aji. Na shiga wani ofishi a Yamai, anka ce in rubuto takarda. Na rubuto, anka ce mai sa hannu ya yi tafiya. A ƙarshe a intanet na samu wasu rahotanni, wani da Faransanci, wani da Ingilishi. Ni da ke jami'a sai da na sha wuya, bare kawuna. Mutumin da ya nuna wa mai hoto inda garke yake bai taɓa jin adadin da anka samu ba, da Zabarmanci ko Hausa ko Fulatanci ko Buzanci. An karɓi saninsa da harshensa, an juya shi zuwa harshen da ba ya ji, an aika shi ƙetare. Sannan a dawo a ce mutanen karkara ba su da wayewar kai kan muhalli, a kira taron "faɗakarwa". Faɗakar da wa? Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo.

Daga nan dariyar fadarmu ta samo asali. In abu kullum da harshen baƙo yake zuwa, cikin motar baƙo, dole yaro ya tashi yana ganin na baƙo ne. Amma gane dalilin cuta ba shi ne warkewa ba. Mu da munka yi karatu, in munka tsaya ga dariya, mun sa hannu kan takardar da ke cewa dajinmu ba namu ba ne.

Kuma lokacin dariya ya wuce, don baƙon ya tafi. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga sunka kashe mutum takwas a Kure: Faransawa shida masu aikin agaji, da direbansu, da shugaban ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora. Gidajen rediyon duniya sun yi ta cewa "Faransawa shida". Ni na fi tuna na takwas ɗin, mutumin da ya yi shekaru yana bin sawun raƙuman nan. Tun daga ranar masu yawon buɗe ido sunka ɗauke ƙafa, kuɗin shiga da ke isa ƙauyuka ya tsaya, ƴan jagora sunka koma zaman jira. A namu ɓangaren kun san yadda hanyar Abala da Sanam ta zama, kun tuna yadda hana hawan babur ya daƙile zirga-zirga. Babu wani mai bincike daga Turai da zai zo ya bi Dallol da ƙafa yanzu. In ba mu ƙidaya ba, ba mai ƙidayawa. In kuma ba a ƙidaya ba, za mu koma zamanin "ai suna nan", a daidai lokacin da bindiga ta yi yawa a daji kuma nama ya yi tsada.

Ga masu cewa a bari sai an gama da matsalar tsaro da yunwa: yaushe ke nan? Dabba ba ta jiran a gama taro. In ta ƙare ta ƙare. Sannan wa ya ce maganar raƙumin dawa daban take da maganar tuwo? Da rani, in ya sauko Dallol, ganyen gawo yake ci. Gawon nan shi ne iccen da kowane manomin Kurfai ya san hatsin ƙarƙashinsa ya fi kyau, shi ke zubar da ganye da damina ya ba gona taki, ya ba bisashe ƴaƴa da rani. Gezar da ke bisa tudu ita ke tare ruwan sama kada ya kwararo ya yanke gonakin gangare. Inda raƙumin dawa ya rasa abinci, gonarka ce ke biye. Abin da ya ci doma ba ya barin awai. Mutanen Maraɗi da Damagaram sun gwada muna hanya da sassaben zamani, barin tohon itace ya girma cikin gona, har miliyoyin eka sunka sake yin kore ba tare da an dasa ba. Aikin da ke ƙara hatsi shi ne aikin da ke ciyar da raƙumin dawa.

Akwai kuma wata asara da ni ta fi ci mini rai, wataƙila don karatuna. Na zauna da kakata na ce ta lissafa mini namun dajin da ta sani tana yarinya. Ta ce barewa, gada, gwanki, mariri, jimina, kura, zaki, ta yi ta jerowa, wani da kirarinsa, wani da wurin da ake iske shi. Na gwada ƙanena ɗan aji shida da jerin nan. Ya san zaki daga talabijin, kura daga tatsuniya. Gwanki ya ce sunan mutum ne? Mariri ya ce bai taɓa ji ba. Dabba kan mutu sau biyu: ta mutu a daji, bayan shekara talatin ta mutu a baki. In ta mutu a baki, ba mai kukan rashinta, don ba a kukan abin da ba shi da suna. Karin magana da kirari da sunayen wurare duk sai su zama ƙwarya ba hura. Ina tsoron ranar da jikanmu zai ji "raƙumin dawa" ya ɗauka raƙumi ne da ya ɓata cikin gonar dawa.

To me nike so? Ba na kiran kowa ya bar karatu ya shiga daji. Daga hukuma da ƙungiyoyi abu biyu nike nema, kuma ba su da tsada. A riƙa faɗin sakamakon kowace ƙidaya a gidajen rediyon karkara da harsunan mutanen wurin, a faɗe shi ranar kasuwa a Baleyara da Filinge kamar yadda ake shelar rigakafi: bana kaza ne, an haifi kaza, an rasa kaza, ga dalili. Sannan littafin da ake rubuta raƙuma a cikinsa a buɗe masa shafi na biyu, na ɓarnar gona, da sunan gari da yawan abin da anka rasa, a san yadda za a rage wa mai gona asara. Wanda aka ƙidaya asararsa shi ke kare dabba. Mutanen Mbe ba don son biri kaɗai suke gadi ba. Dajin nasu ne, aikin nasu ne, ana jin maganarsu.

Daga gare mu kuma, ƴan'uwa ɗalibai, abin ya fi sauƙi. Kowanenmu yana da salula, kowanenmu yana zuwa gida hutu. Zauna da tsoho guda, ka naɗi muryarsa: wace dabba ya sani, me ake kiranta da Kurfayanci ko Zabarmanci ko Buzanci, ina ya gan ta ƙarshe, wace shekara, shekarar wace yunwa ko wane sarki. In garinku raƙuman dawa na zuwa, ka ɗauki hoto daga nesa, dama da hagu, ka rubuta rana da wuri da yawansu, ka tambayi mai gonar abin da sunka ci. Kada ka sa kanka cikin haɗari, inda hanya ba ta da kyau a bar ta. Ɗalibin labarin ƙasa ya zana taswira, na aikin gona ya auna ɓarna, mu na harshe mu tsara kalmomin. Ɗalibi hamsin, gari hamsin, hutu guda. Wane furoje ne ya taɓa samun ma'aikata irin haka?

Abokina mai tambayar tiya, ga amsarka a rubuce tunda ranar dariya ta hana ni. Biri ba ya cika tiya, raƙumin dawa ma ba ya cikawa, wani lokaci ma shi ke rage ta. Amma mutanen da ba su san adadin abin da ke ƙasarsu ba, wani ne zai ƙidaya musu, ya rubuta da harshensa, ya yanke shawara ba da su ba. Yau raƙuma ne, kuma kai ma ka san ba su kaɗai ake ƙidaya muna ba. Ni dai na sayi littafi mai shafi ɗari biyu, na rubuta jerin kakata a shafin farko. Garinku ya fi nawa kusa da Fandu. In ka dawo hutu ina jiran naka shafi, shayin kuma ni ka biya.